SAUKAR FARASHIN MAN FETUR: ABIN DA TAKE JAWOWA GA TATTALIN ARZIKI DA CEFANEN GIDA

Gabatarwa

A cikin kayayyakin da ake saye da sayarwa a Nijeriya, da wuya a sami wanda farashinsa ke taɓa kowa da kowa kamar man fetur. Wanda ba shi da mota yana shiga motar haya. Wanda ba ya tafiya ko'ina yana cin abincin da aka ɗauko a mota. Saboda haka duk sa'ad da aka ji labarin farashin mai ya sauka, sai jama'a su zuba ido su ga sauƙi a tasha da kasuwa. Wani lokaci sauƙin yakan zo, wani lokaci kuwa sai a ji shiru. Manufar wannan ɗan littafi ita ce a bayyana wa jama'a yadda ragin farashin mai ke tafiya daga gidan mai har ya iso tukunyar uwargida, da abubuwan da ke tare shi a hanya, da kuma abin da ya kamata kowa ya yi.

Taƙaitaccen Tarihi

Saukar farashin fetur ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. A watan Janairu na 2009 an rage shi daga Naira 70 zuwa Naira 65 kowace lita. A Janairun 2015 ya sauka daga Naira 97 zuwa Naira 87. Haka kuma a watan Maris na 2020, lokacin annobar korona, an mai da shi Naira 125 daga Naira 145. A duk waɗannan lokatai gwamnati ce ke yanka farashi, kuma duk ukun sun biyo bayan faɗuwar farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya.

Al'amarin ya sake salo daga baya. A watan Agusta na 2021 aka sa hannu a kan Dokar Masana'antar Man Fetur, wadda ta tanadi cewa kasuwa ce za ta riƙa tsai da farashi. Ranar da ta dace a riƙe ita ce 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin mai, wanda ya ci wa gwamnati fiye da Naira tiriliyan 4 a shekarar 2022 kaɗai. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500, kuma kafin ƙarshen Oktoba na 2024 ta haura Naira 1,000 a Abuja da wasu garuruwa.

A watan Satumba na 2024 matatar Ɗangote da ke Lekki a Jihar Legas, wadda aka gina domin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur. A Disamba na wannan shekara ta sauko da farashin ɗaukar mai a bakin matata zuwa Naira 899.50, sa'an nan a Fabrairun 2025 ta mai da shi Naira 825, gidajen mai da yawa kuma suka bi sahu. Tun da aka bar wa kasuwa ragama, farashi yana iya sauka, yana kuma iya komawa sama.

Hanyoyi Uku Da Farashi Ke Sauka

Ya kamata a lura cewa ba kowane ragi ba ne ke da sakamako iri ɗaya. Sai an san mafarinsa kafin a san amfaninsa.

Hanya ta farko ita ce faɗuwar farashin ɗanyen mai a duniya. Ganga ɗaya tana ɗaukar lita 159, kuma da Dalar Amurka ake cinikinta. Idan ganga ta yi araha, fetur ɗin da aka tace daga cikinta ma sai ya yi araha.

Hanya ta biyu ita ce ƙaruwar darajar Naira, ko raguwar ɗawainiyar kawo mai. Tun da yake da Dala ake lissafin ɗanyen mai, duk lokacin da Naira ta yi ƙarfi sai a biya Naira kaɗan a kan lita guda. Haka nan man da aka tace a gida ba ya ɗauke da kuɗin jirgin ruwa da inshorar doguwar tafiya daga Turai, kuma gasa tsakanin masu tacewa da masu shigowa da mai takan tilasta wa kowannensu ya rage riba.

Hanya ta uku ita ce tallafi, watau gwamnati ta biya wani kashi na farashin daga baitulmali. A nan ainihin kuɗin man bai ragu ba. Jama'a ne dai ke biyan ragowar ta wata ƙofa, da kuɗin da ya kamata a kashe wa asibiti, da makaranta, da hanya.

Amfani Ga Magidanci

Amfani na farko shi ne wanda ake gani ido da ido, ga mai sayen fetur da hannunsa. A ɗauka misali lita ta sauka daga Naira 1,000 zuwa Naira 900. Ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da ke shan lita 5 a rana zai tsira da Naira 500 kullum, watau Naira 15,000 a kwana 30. Wannan ya zarce kashi ɗaya cikin biyar na mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Haka abin yake ga tela, da mai aski, da mai walda, da mai injin markaɗe, da mai sayar da ruwan sanyi, waɗanda ke tayar da janareto idan an ɗauke wuta.

Amfani na biyu yana zuwa ne a kaikaice. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan yadda gidaje suka kashe kuɗinsu a 2019 ya nuna cewa fiye da rabin kuɗin yana tafiya ne a kan abinci. Abincin nan kuwa matafiyi ne. Hatsi yana tashi daga Dawanau a Kano, shanu daga Potiskum, albasa daga Aliero, doya daga Zaki Biam, su nufi Mile 12 a Legas ko Bodija a Ibadan. Manja da garin rogo kuma su yi arewa. A cikin farashin kowane mudu akwai kuɗin mota, tun daga babur ɗin da ya fito da buhu daga gona.

Manomin rani ma yana cikin masu cin moriya. A Kadawa da kwarin Haɗeja da fadamun Sakkwato, manoma da yawa da fetur suke tayar da injin ban ruwa. Idan mai ya yi sauƙi, manomi yakan iya faɗaɗa gonarsa ta shinkafa ko alkama ko tumatir, amfanin gona ya yawaita. Sai dai wannan sauƙi ba ya isa kasuwa sai bayan girbi.

Me Ya Sa Farashin Kaya Ba Ya Sauka Nan Take?

Wannan ita ce tambayar da ta fi damun jama'a, kuma tana da amsoshi huɗu.

Na ɗaya, fetur wani ɓangare ne kawai na ɗawainiyar mai mota. A koma ga misalin da ya gabata. Direba ya ɗauki fasinja 15 a kan Naira 5,000 kowanne, ya tara Naira 75,000, motarsa kuma ta sha lita 30. Ragin Naira 100 a lita ya rage masa Naira 3,000, watau Naira 200 a kan kowane fasinja. Ashe ke nan mai ya sauka da kashi 10 cikin ɗari, amma abin da ya kamata kuɗin mota ya sauka da shi kashi 4 ne cikin ɗari. Taya, da baƙin mai, da kayan gyara, da kuɗin tasha, da balas ɗin mai mota, duk suna nan yadda suke.

Na biyu, manyan motocin da ke dakon kaya tsakanin arewa da kudu ba fetur suke sha ba. Man dizal suke sha, wanda direbobi ke kira gas, haka ma manyan injunan masana'antu. Farashinsa dabam yake tafiya. Idan fetur ya sauka dizal bai sauka ba, kuɗin dakon buhu daga Kano zuwa Legas ba zai motsa sosai ba.

Na uku, ɗan kasuwa yana da tsohon kaya a rumbu wanda ya saya da tsada, ba zai so ya karyar da shi ba sai ya ƙare. Ga kuma tsoron kada ya rage yau, gobe mai ya sake tashi.

Na huɗu, tsadar rayuwa tana da wasu iyayen ban da mai. A Yunin 2023 aka bar kasuwa ta tsai da darajar Naira, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 har ta wuce Naira 1,500 a 2024. Rashin tsaro da ke hana noma, da ambaliya, da tsadar taki, da lalacewar hanyoyi, duk suna da hannu. Har wa yau, a rarrabe tsakanin saukar farashi da raguwar hauhawar farashi. A Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Idan aka ce wannan adadi ya ragu, ma'anarsa ita ce kaya sun rage saurin tashi, ba lalle ne sun koma farashinsu na da ba.

Sakamako Ga Tattalin Arzikin Ƙasa

Kuɗin da ya ragu a aljihun magidanci ba ya kwana a wurin. Yakan koma wurin mai shago, da mahauci, da tela, da makarantar yara. Da haka ciniki ke buɗewa, ƙananan sana'o'i su farfaɗo, wasunsu har su ɗauki ma'aikata. Idan kuma hauhawar farashi ta lafa, Babban Bankin Nijeriya yakan sami sararin rage kuɗin ruwa, rance ya yi wa manoma da masu masana'antu sauƙi.

Amma fa Nijeriya mai sayar da ɗanyen mai ce, kuma daga gare shi take samun mafi yawan kuɗaɗen musaya da ƙasashen waje, da babban kaso na kuɗin da ake raba wa Gwamnatin Tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi kowane wata. Kasafin kuɗin 2025, alal misali, an gina shi ne a kan Dala 75 kowace ganga. Saboda haka ragin da ya zo ta hanya ta farko yana da fuska biyu. A tsakiyar 2014 ganga ta haura Dala 100, amma a Janairun 2016 ta faɗo ƙasa da Dala 30. Jama'a sun sami ragin Naira 10 a lita a 2015, sai dai a wannan shekara jihohi da dama suka kasa biyan albashi, a 2016 kuma tattalin arzikin ƙasa ya shiga koma-baya. Ma'aikacin da ya yi wata uku bai karɓi albashi ba, arahar mai ba ta share masa hawaye ba.

Ragin da ya fi albarka shi ne na hanya ta biyu, domin yana sauƙaƙa wa jama'a ba tare da ya rage kuɗin shigar gwamnati ba. Bugu da ƙari, kowace litar da aka tace a gida tana rage Dalar da ake nema domin shigo da mai, abin da ke taimaka wa darajar Naira.

Akwai kuma batun fasa-ƙwauri. Idan fetur ya fi araha ƙwarai a Nijeriya bisa ga Nijar da Binin da Kamaru, sai masu sumoga su riƙa kwashe shi suna tsallaka iyaka da shi. A zamanin tallafi wannan ya jawo wa baitulmali babbar asara, ya kuma haddasa ƙarancin mai a garuruwan kan iyaka.

Abin Da Ya Kamata Jama'a Su Yi

Ana jan hankalin magidanta da kada su ɗauki kowane ragi a matsayin abu mai ɗorewa. Tun da kasuwa ke tsai da farashi, abin da ya sauka a wannan wata yana iya hawa a wata mai zuwa. Hikima ita ce a fara da biyan bashi, da sayen hatsi lokacin kaka, da ajiye wani abu domin magani da kuɗin makaranta, kafin a ɗauki sabon nauyin da za a riƙa biya kowane wata.

Ana gargaɗin jama'a da su guji tara fetur a jarka cikin gida wai don ya yi araha. Gobara ɗaya ta isa ta cinye abin da aka tara shekara goma, har da rayuka.

Ana kira ga ƙungiyoyin direbobi da shugabannin kasuwanni su ji tsoron Allah. Wanda ya ƙara kuɗi ranar da mai ya tashi, adalci ne ya rage gwargwadon abin da ya samu ranar da mai ya sauka. Fasinjoji da masu saye kuma su yi la'akari da lissafin da aka kawo a sama, kada su nemi abin da ya wuce ƙima.

Duk wanda ya ga gidan mai yana tauye lita, ko yana ɓoye mai, ko yana gauraya shi, sai ya kai ƙara ofishin hukumar NMDPRA mai kula da tacewa da rarraba man fetur. Wanda kuma ya ga 'yan kasuwa sun haɗa baki domin su hana farashi sauka, sai ya sanar da hukumar FCCPC mai kula da gasa da kare haƙƙin masu saye.

Kammalawa

Saukar farashin fetur alheri ce, amma gwargwadon alherin ya danganta ga mafarinta, da daɗewarta, da kuma gaskiyar waɗanda take bi ta hannunsu. Mai sayen mai da kansa yakan ga sauƙi a ranar, fasinja bayan 'yan makonni, uwargida kuwa sai sabon kaya ya shigo kasuwa. Ana roƙon duk wanda ya karanta wannan bayani ya isar da shi ga maƙwabtansa waɗanda ba su sami damar karantawa ba.