Ranar fitar da sunayen makarantu: me ya sa shafi ke cijewa?

Kowace shekara, da an ce sunayen makarantun sakandare sun fito, shagunan intanet na Aboabo da Sabon Zongo sai su cika maƙil. Tun 2005 kwamfuta ke raba ɗaliban Ghana zuwa makarantu ta tsarin CSSPS, kuma daga 2017 da karatun sakandare ya zama kyauta, masu nema suka ƙaru. A 2023 yara sama da 600,000 suka zauna jarrabawar BECE.

Ni lissafi nake koyarwa, don haka bari mu ɗauki alli. Kowane shafi yana zaune ne a kan babbar kwamfuta da ake kira saba, kuma akwai iyakar buƙatun da take iya amsawa a daƙiƙa guda. Mu ƙaddara kowane yaro zai buɗe shafi sau 10. Buƙata miliyan 6 ke nan. In aka baza su cikin mako guda, kusan 10 ne a daƙiƙa, saba ɗaya ma ta wadatar. To amma wa zai jira mako? In rabin yaran suka afka cikin awar farko, buƙata miliyan 3 ce a daƙiƙa 3,600, wato wajen 833 kowace daƙiƙa. In saba ɗaya tana ɗaukar 100, sai an tanadi 9, a ƙara wasu ko da ɗaya za ta faɗi.

Shi ya sa masana ke auna awar turmutsitsi, kamar yadda ake auna tashar Kejetia da cunkoson jajibirin biki. Suna gwada shafin da cunkoson ƙarya kafin ranar, su yi hayar ƙarin sabobi na 'yan kwanaki, su mayar in ƙura ta lafa.

Mu ma da namu hannun a ciki. Duk wanda ya ga shafi ya tsaya ya dinga dannawa, sabuwar buƙata yake jibga wa injin, mutum ɗaya ya koma biyar.

Iyaye, ku riƙe lambar jarrabawar yaro a hannu, ku sa mutum ɗaya a gida ya duba. In ya cije, a dakata, a gwada da asuba. Amma wanda bai samu makaranta ba, zai zaɓa da kansa, kada ya kwana biyu, don guraben da suka rage ba sa jiran kowa.