Jarumin da Ba Ya Kallon Ido

A Arlit da Akokan, garuruwan yuraniyom, idan yaro ya shekara huɗu bai buɗe baki ba, ba ya haɗa ido da mutane, yana toshe kunne in babbar mota ta wuce, hukunci kan fito tun likita bai gan shi ba: aljanu ne suka shafe shi, ko ƙurar yuraniyom ce. Sai a kulle shi a ɗaki, a yi ta jigilarsa wurin bokaye, yaran unguwa suna kiransa dolo. Sau da yawa galahanga ce, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta tana samun kusan yaro ɗaya cikin 100, har a ƙasashen da ba su san yuraniyom ba, kuma gado ne ya fi tasiri a cikinta. Ƙura na da nata ƙorafin, amma shi daban.

Wa'azi bai cika gyara wannan kallo ba, labari kuwa yana iyawa, musamman mai haɗa tarihi da almara da soyayya da raha. Ba baƙon abu ba ne gare mu. Tun 1934 Bello Kagara ya kai Ganɗoki daga yaƙi da Turawa zuwa ƙasar aljanu, Abubakar Imam kuma ya ba mu dariya da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja. To a ce marubuciya ta ɗauko saurayi a zamanin ayarin gishirin Bilma, wanda ya haddace kowace rijiya ta Tenere amma bai iya zance ba, ya je tadi wurin ƴar madugu ya ɓige da lissafin raƙuma har dare ya raba. Mai karatu zai yi dariya, zai kuma so a ba shi ita. Uwar da ta gane ɗanta a cikin wannan saurayi da wuya ta sake rufe shi in baƙi sun zo.

Za a ce ai wannan izgili ne. Izgilin yana cikin finafinan barkwancin da ke sako dolo don a mare shi a tafa. A nan shi ke da tunani, shi ke ceton ayari, masu raina shi ne abin dariya. Za a ce sa aljanu a labari zai ƙara wa camfi ƙarfi. Zai ƙara in marubuci ya ce su ne suka mai da shi haka, ko ya sa aka yi masa magani ya warke a babin ƙarshe don a ɗaura aure. A bar aljanu su tsare rijiya kawai, a aurar da shi yadda Allah ya yi shi.