WA YA KAMATA YA YANKE WA GYAƊA KUƊI?

Makon nan za mu ajiye zancen taki da iri, mu ɗan taɓa wata gardama da ta daɗe tsakanin masana, wadda kuwa ta shafi aljihun kowane manomi. Watau idan mutum ya noma abinsa, wa ke da ikon yanke masa kuɗi, Gwamnati ko kasuwa? Ba sai mun tafi nesa neman misali ba, labarin gyaɗarmu ya isa.

Tun da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa da Kwarori da attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi ta saye, kowa da sikelinsa da yaransa a ƙauyuka. Da Yaƙin Hitila ya zo sai Gwamnatin Ingila ta karɓe cinikin ta sa a hannun hukuma guda. Yaƙi ya ƙare, amma ba a saki ba. A 1949 aka kafa Hukumar Cinikin Gyaɗa, a 1954 kuma aka mayar da aikin ga Hukumar Ciniki ta Jihar Arewa. Ita ke faɗin kuɗin ton kafin kaka, ita ke ba masu saye lasin, kuma ita kaɗai ke sayarwa ƙasashen waje.

Dalilin da aka bayar mai daɗin ji ne. An ce kuɗin gyaɗa a kasuwar duniya yau ya hau gobe ya sauka, saboda haka Hukuma za ta riƙe wani abu a shekarar tsada, ta cika wa manomi a shekarar araha. Kamar dai rumbu ke nan.

To, sai wani malamin tattalin arziki, Peter Bauer, haifaffen ƙasar Hungari mai koyarwa a Ingila, ya zo ya duba cinikin Afirka ta Yamma, ya buga littafinsa a 1954. Shi mutumin yana cikin masu ra'ayin a sakar wa kasuwa mara. Ya ce rumbun nan zubawa kawai ake yi, ba a ɗiba wa mai shi. Abin da aka riƙe haraji ne, ko da ba a kira shi haraji ba, kuma a kan talakan ƙauye ya faɗa, ba a kan ma'aikacin birni ba. Wani masanin kuma, Gerald Helleiner, ya yi lissafi daga baya, ya ga daga 1947 zuwa 1961 wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya kamata ya shiga hannun manoman gyaɗa an tsare shi, tsakanin ribar Hukuma da kuɗin fito. Ka auna, buhu huɗu ka kai, an biya ka uku.

Akwai wata magana ta Bauer wadda ni a ganina ta fi sauran nauyi. Mun saba zagin ɗan baranda, mu ce shi ke cin gumin manomi. Shi kuwa ya lura cewa a wuraren da masu saye suka yi yawa, suna rige-rige, sukan biya manomi fiye da kuɗin da aka yanka, don kada abokin hamayya ya kwashe kayan. Inda mai saye ɗaya ne, nan manomi ke shan wuya, ko mai sayen nan kamfani ne ko Gwamnati. Manoman kan iyaka kuwa ba su karanta littafin kowa ba, amma duk shekarar da kuɗin gyaɗa ya fi kyau a ƙasar Faransa, sai ka ga jakuna da raƙuma sun nufi Maraɗi da Damagaram da dare.

Amma fa kada a ɗauka masu goyon bayan Hukuma ba su da abin cewa. Sun ce ƙasar da ba ta da masana'antu, in ba a amfanin gona ba ina za ta sami kuɗin aiki? Da kuɗin Hukumar Ciniki aka sa hannu a masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957, aka kuma taimaki ayyukan raya Jihar Arewa. Wannan gaskiya ne. Sai dai manomin da aka yi aikin da kuɗinsa ba a tambaye shi ba, kuma galibin ayyukan a birni suka tsaya.

Dalar gyaɗa ta Kano ba Hukuma kaɗai ta rushe ta ba, kada mu ɗora mata abin da ba nata ba. Farin 1973 ya yi ɓarna, cutar kuturtar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin Gwamnati daga gona. Amma manomin da ya daɗe yana karɓar kuɗi kaɗan ba shi da abin da zai sa ya nace wa shukar da ta ci amanarsa, sai ya koma ga dawa da gero da wake, waɗanda yake sayarwa yadda ya ga dama. A 1986 Gwamnatin Janar Babangida ta rushe hukumomin cinikin duka. Manoman koko a Kudu sun ga ƙarin kuɗi nan da nan, ko da yake ingancin kokon ya lalace na wani lokaci, don an rasa mai duba kaya sosai. Wannan ma abin lura ne ga masu cewa Gwamnati ta cire hannu ɗungum. Duba sikeli da ingancin kaya aiki ne dabam da yanke kuɗi.

Gardamar ba ta mutu ba. A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta hana fitar da ɗanyen ƙwarar kaɗanya waje har wata shida, don masu tatsar man kaɗe na gida su sami kaya. Cikin 'yan kwanaki kuɗin ƙwarar ya faɗi a kasuwanni. Masu injin tatsa sun sami sauƙi, matan ƙauye masu tsintar kaɗanya a daji kuwa, su suka biya kuɗin sauƙin.