GUDUN MOTA A CIKIN GARI: YADDA ZA MU TSARE 'YA'YANMU

Jama'a, kwalta alheri ce. Ta kan kai amfanin gona kasuwa, ta kai mai naƙuda asibiti cikin lokaci. Amma duk garin da kwalta ta ratsa tsakiyarsa, wata sabuwar cuta ta shigo masa, watau gudun mota da babur. Mu da ke aiki a dispensare mu a ke fara kawo wa waɗanda aka buge, yawancinsu kuwa yara ne da tsofaffi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a shekarar 2023 cewa haɗarin hanya ya kan kashe mutum wajen miliyan 1.19 kowace shekara, kuma babu abin da ya kai shi kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Me Ya Sa Gudu Ke Kisa?

Mota ba ta tsayawa nan take. Sai direba ya ga yaro, ya ɗaga ƙafa, ya taka birki, wannan kuwa ya kan ci kamar daƙiƙa ɗaya. Sa'an nan motar ta yi ta ja kafin ta tsaya. Ku ɗauki mita ɗaya kamar babban taki ɗaya na namiji. Motar da ke gudun kilomita 30 a awa, a busasshiyar kwalta, ta kan tsaya cikin mita 13. Wadda ke gudun 50 kuwa sai ta ci wajen mita 28. Watau a daidai wurin da ta farko ta tsaya cik, direban ta biyu bai ko taka birki ba tukuna. In gudu ya ninka biyu, jan birki ya kan ninka huɗu. In an yi ruwa, ko taya ta suɗe, abin ya fi haka.

Jikin mutum kuma yana da iyakar abin da zai jure. Cikin mutum 10 da mota ta buge tana gudun 30, kamar 9 su kan rayu. Daga nan, kome ƙarin gudu, ƙarin mutuwa ne. Yaro ya fi shiga hatsari, domin gajere ne, bugun ya kan same shi a ƙirji ko a kai, ba ya kuma iya kimanta saurin abin da ke tahowa.

A Nijeriya iyakar gudu cikin gari kilomita 50 ne a awa. Amma a babban taron ƙasashe da aka yi a Stockholm, ƙasar Suwidin, a 1920 da ɗari, watau 2020, an ba da shawara a mai da shi 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, kamar bakin makaranta da kasuwa da masallaci.

Abin Da Ke Rage Gudu

Allon gargaɗi shi kaɗai ba ya isa, gama mai gaggawa ba ya karatu. Abin da ya fi aiki shi ne a gyara hanyar kanta, har ta tilasta wa direba ya sassauta.

1. Tudun rage gudu. Mai kyau ya kan yi faɗin mita 3 da rabi, tsayinsa bai wuce santimita 10 ba, an shafe shi da fenti, da allo tun daga nesa.
2. 'Yan kunyoyi a jere a ƙofar gari, masu sa mota kakkarwa, su farkar da direba. A ƙasar Gana an sa irinsu a mararrabar Suhum, kan hanyar Ankara zuwa Kumasi. Tsakanin 2000 da 2001 mace-mace a wurin suka ragu da fiye da rabi.
3. Wurin ƙetarewa mai zane a gaban makaranta, da babban mutum mai tsayar da motoci safe da lokacin tashi.

Kul, kada ku gina tudu da kanku, ko ku gicciya gungume ko duwatsu. Tudu mai tsini wanda ba a gani da dare ya kan ka da mai babur, ya kifar da babbar mota cikin gidaje. Ku kai kuka ga mai unguwa da dagaci, su kai ga hakimi da ƙaramar hukuma. A rubuta takarda zuwa Ma'aikatar Ayyuka da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. A ambaci wurin, da ranakun da aka yi haɗari, da yawan waɗanda abin ya shafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin Kowane Gida

1. Kada a aiki ƙaramin yaro ƙetaren titi shi kaɗai. A riƙe hannunsa.
2. A koya wa yara su tsaya, su duba hagu, su duba dama, su sake duba hagu, su saurara, kāna su ƙetare ba da gudu ba.
3. In babu gefen tafiya, a bi ɓangaren da za a fuskanci motar da ke zuwa. Da dare a sa farin tufa ko a riƙe tocila.
4. A daina shanyar hatsi da barkono a kan kwalta. A janye talla da rumfuna daga bakin titi, a ɗaure awaki.
5. Uban da ya ba yaro babur, lalle ya sani shi ya sa wuƙa a hannunsa.

In Haɗari Ya Auku

A tsayar da motoci tukuna, a buga 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗurra. A danne wurin jini da tsumma mai tsabta. Kada a zuba ƙasa ko toka a rauni, gama su kan kawo ciwon sarƙewar haƙora. Kada a ɗura masa ruwa. In ana zaton wuya ko baya ya taɓu, kada a cicciɓe shi, sai a kan katako, kai da jiki a miƙe. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana tafiya, a kai shi asibiti, domin jini ya kan zuba a ciki ba a sani ba.

Direbobi da masu babur, ku ma 'ya'yan wani gari ne. Garin kilomita ɗaya, in kun ratsa shi da gudun 30 maimakon 60, minti ɗaya kaɗai kuka rasa. Tafiya sannu-sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye mu, amin.