FILIN MANOMA: Yadda A Ke Samun Sabon Wardi Daga Ƙwaya

Jama'a, yau za mu ajiye zancen gero da gyaɗa, mu dubi wani fure da a ke kira wardi. Kowa ya san turarensa, alhazai kuwa sun san ruwansa da a ke yi a Ɗa'ifa. Amma ba kowa ya san yadda a ke samun sabon irinsa ba.

Galibin wardin da ku ke gani a lambuna ba daga ƙwaya ya fito ba. Reshe a ke yanka a dasa kamar rogo, ko kuwa a yi masa aure kamar yadda a ke yi wa mangwaro. Wanda aka samu ta haka kamarsa ɗaya da uwarsa, ba ƙari ba ragi. Ƙwaya kuwa ba ta da wannan alkawari. In ka shuka ƙwaya goma daga jan wardi, mai yiwuwa ne wani ya fito fari, wani ruwan hoda, wani ba ƙanshi, wani sai ƙaya. Kowanne sabon iri ne wanda ba a taɓa yin irinsa ba a duniya. To, abin da ya sa masu lambu a Ingila da Faransa da Amurka su ke wahala a kansa ke nan.

Ga yadda su ke yi. In fure ya yi yaushi ba a tsinke shi, sai a bar gindinsa ya kumbura ya zama ɗa, kamar magarya. Yakan ɗauki wajen wata 4 kafin ya nuna, ya yi ja ko ruwan goro. Wanda ya ke so ya zaɓi uban da kansa, sai ya tarbi furen uwa tun bai buɗe ba, ya cire ganyen furen da 'yan zaren da ke ɗauke da rawayan gari, kada ya yi wa kansa barbara. Kashegari ya ɗebo garin wani wardi da ya ke so, ya shafa a tsakiyar furen, ya rataya takarda da sunan uwa da na uba. Masu dabino ba za su ga baƙon abu a nan ba.

In ɗan ya nuna sai a tsaga shi da wuƙa, a fid da ƙwayoyin a wanke sarai. Ku yi hankali da gashin da ke ciki, yana da ƙaiƙayi.

Nan ne wurin da yawanci a ke faɗuwa. Ƙwayar wardi barci ta ke yi, ba ta farkawa sai ta sha sanyi mai tsawo, domin asalinsa tsiron ƙasashen sanyi ne. Saboda haka a kan sa ta cikin rairayi mai danshi, a ƙulle a leda, a ajiye a firiji wajen digiri 4, mako 6 zuwa 10. Ba wurin ƙanƙara ba. Sanyin randa bai isa ba, na hunturunmu ma haka. Wanda wutar lantarki ta ke yi masa wasa, gara ya nemi ɗan'uwa mai firijin da ba ya mutuwa. Kuma ya yi lissafi ƙwayar ta fito daga sanyi daidai shigowar hunturu, don zafin bazara yana kashe ɗanyen tsiro. Mutanen Jos da Mambila sun fi mu sauƙi a wannan.

Sai a shuka cikin kasko mai huji, ƙasa mai laushi da rairayi, zurfin rabin santimita. Kada ruwa ya kwanta, in ba haka ba tsiron zai ruɓe daga gindi ya kife dare ɗaya. Ba duka za su fito ba, waɗansu ma sai baɗi. Abin mamaki, irin da ke fure sau da yawa a shekara yakan fid da toho yana da kamar wata 2 da tsira, tsawonsa bai kai taƙi ba. Mai fure sau ɗaya kuwa sai an jira shekara 2 ko 3. Kada ku yanke hukunci da furen fari, yakan zo ƙarami, ganyensa kaɗan. Launi dai ya nuna. Amma wanda ya fara da cuta, ganye da baƙin tabo ko farin gari, a tumɓuke shi ba tausayi.

Yanzu zancen kyauta. A farkon ƙarni na 19 akwai wani manomin shinkafa a Charleston ta Amurka, sunansa John Champneys. Ya sami sabon wardi a lambunsa, ya ba maƙwabcinsa Philippe Noisette. Shi kuma ya shuka ƙwayarsa, ya aika wa ɗan'uwansa a Paris abin da ya samu. Daga nan dangi guda na wardi ya tashi, har yau da sunan Noisette a ke kiransa.

Na biyu ya fi wannan. A 1935 Francis Meilland, mutumin wajen Lyon a Faransa, ya haɗa waɗansu iri, ya sami tsiro mai fure rawaya da bakin ruwan hoda. Da yaƙi ya matso sai ya aika da rassansa ga abokan sana'a a Italiya da Jamus da Amurka. Yaƙi ya raba su, kowa ya raɗa masa suna dabam. Shi kansa sunan mahaifiyarsa ya sa masa. A Amurka aka sa masa Peace, watau zaman lafiya, ran 29 ga Afrilu 1945, ya zama ɗaya daga cikin wardin da aka fi dasawa a duniya.

Dalilin rabawa a fili ya ke. Sabon tsironka tilo ne. In akuya ta shiga, ko gara ta ci saiwarsa, ya tafi ke nan har abada, ƙwayarsa ba za ta maido shi ba. Ban da haka, lambu ɗaya ba ya gwada iri. Wanda ya yi kyau a jigawarka, sai an kai shi fadama da ƙasar laka kafin a san ƙarfinsa. Amma uwar kada ka ba kowa. Jira ta yi ƙwari, ka yanki reshe mai kaurin fensir, ka rene shi ya yi saiwa, sa'an nan ka bayar da lamba a jiki, ka rubuta a littafi wa ka ba da ranar. Ka roƙe shi ya gaya maka gaskiya, ko da ba ta da daɗi.

Akwai kuma doka. Amurka ta yi ta kare haƙƙin masu ƙirƙiro iri a 1930, wanda ya fara samun takardar a 1931 kuwa wardi ne mai suna New Dawn. Nijeriya ta yi tata a 2021. Irin da wani ya yi wa rajista ba a yanka rassansa a yi ta sayarwa sai da izninsa.

'Yan kasuwa, ga taku. In aka kawo muku ƙwaya cikin takarda da hoton wardi shuɗi kamar baba, kada ku saya, kada ku sayar wa manomi. Wardi ba shi da sinadarin da ke ba fure wannan launi. Kamfanin Suntory na Japan ya yi shekaru yana nema ta hanyar sauya halittar tsiro, abin da ya fitar kasuwa a 2009 ma bai yi shuɗi sosai ba, ya fi kama da shunayya.