BABUR YA ƘI TASHI: MAI NE KO WUTA?

Ɗan'uwa manomi, kaka ta wuce, kuɗin wake da na aya sun shiga hannu, masu albasa kuma suna jiran nasu. A irin wanga lokaci ne ake cinikin babur na hannu a garuruwanmu, tun daga Galmi har Matamaye. Sau da yawa babur ɗin ya daɗe jingine cikin zaure. Mai shi ya ce maka: «Lafiyarshi lau, ajiya ce kawai ta sa ya yi sanyi.» Ka biya, ka turo shi gida, ka yi ta buga kik har gumi ya jiƙa maka riga, bai ce uffan ba.

Nan ne ake ɓarnar kuɗi. Wannan ya ce batir ne, a sayo. Wancan ya ce karbiratar ce, a sayo. Jaka biyu nan, jaka biyar can, babur yana nan inda yake, kuma ranar da za a kai mai naƙuda likita da dare sai a koma neman amalanke. To, kada ka sayi kome tukuna. Fara gano abin da ya rasa.

Abu uku inji yake so kafin ya tashi: mai wanda ya gauraya da iska, wuta wadda za ta kunna man, da matsi cikin injin. In ukun nan sun haɗu, dole ya tashi. Babur da ya daɗe ajiye, galibi ciwonshi yana ga mai ko ga wuta, kuma waɗannan biyu kana iya bincika su da kanka. Kayan aikin ba su da yawa: makullin buji, turnabis, kwalba fara mai tsabta, tsumma, da famfon keke.

Ka yi aikin da rana, a fili, nesa da murhu. Ban da taba, ban da fitilar kananzir. Esansi ba ya jiran harshen wuta ya taɓa shi, tururinshi kaɗai yana kamawa. Kada ka zuƙi mai da baki, kuma kada ka bar kwalbar mai inda yaro zai ɗauka ruwa ne.

Fara da ƙananan abubuwa, ko da kana ganin sun yi wauta. Makulli yana buɗe? In akwai jan maɓalli a hannun dama, shi ne mai kashe inji, duba kada a ce yana kan kashewa. Dubi robine, wato ɗan famfon mai da ke ƙarƙashin tanki. Yana da wuri uku: ON buɗe, OFF rufe, RES kuma man ajiya na gindin tanki. In mai ya yi ƙasa, ON ba ya ba da ko ɗigo, sai ka juya zuwa RES. Leƙa bututun hayaƙi da ƙofar iska kuma. Zanzaro yana son gina ɗakinshi na laka cikin babur da ba ya motsi.

BUJI SHI NE SHAIDA

Yanzu buɗe mai, ja shok, wato ɗan hannun nan da ke rage iska wanda ake ja da safe, ka buga kik kamar sau goma. Sa'an nan ka kwance buji ka dubi bakinshi. In ka same shi a bushe, ba ya ko warin esansi, mai bai iso ba, bi hanyar mai. In ka same shi jiƙe, mai ya iso amma ba a kunna shi ba, bi hanyar wuta.

Kafin ka mai da shi, gwada wutar. Sa bujin cikin hularshi ta roba, ka ɗora ƙarfen gindinshi bisa ƙarfen inji, nesa da ramin da ya fito. Riƙe roba, kada ka riƙe ƙarfe, don wutar tana fizga. Wani ya buga maka kik. Ka yi wannan cikin inuwa, don rana tana ɓoye tartsatsin. Wuta mai kyau shuɗiya ce, tana ƙara tas-tas a kowane bugu. Ja-ja mai rauni, ko wadda ke zuwa tana ɓacewa, ba ta isa tada inji ba.

In wuta tana da kyau amma buji a bushe yake, ga gwaji mai raba gardama. Ɗiga esansi mai kyau cikin ramin buji, kamar rabin ƙaramin cokali, kada ya fi haka. Ɗaura buji, buga kik. In inji ya yi gurnani kaɗan ya mutu, ka yi murna: wuta da matsi suna nan, mai ne kaɗai ba ya isowa.

HANYAR MAI

Bi ta kamar yadda kake bin lambatu a garka, daga bakin rijiya har fangali na ƙarshe. Inda ruwa ya tsaya, nan toshiyar take.

Buɗe tanki ka sansana. Esansin da ya yi watanni yana juyewa ja, yana warin fenti, yana barin danƙo kamar ƙaro. Irin wannan zubar da shi ya fi, ba a gyara shi da ƙarin sabo. Cire tiyo daga jikin karbiratar, ka sa bakinshi cikin kwalba, ka buɗe robine. Ya kamata mai ya zubo a miƙe. In ɗigo-ɗigo yake yi, tsatsa ta toshe rariyar robine ko ɗan filtar da ke tsakiyar tiyo. In ya fara zuba da ƙarfi sa'an nan ya tsaya, buɗe murfin tanki ka gani. In ya ci gaba da zuba, ƴar ƙofar numfashi ta murfin ce ƙura ta toshe. Irin wanga babur shi ne mai tafiya kaɗan ya mutu, a huta ya sake tashi, har a fara cewa an yi mashi sammu.

Ajiye kwalbar ta natsa. Ruwa ya fi esansi nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa, ga yashi da jan garin tsatsa tare da shi. Mun san yawancin karkara ba mu da gidan mai kusa, na kwalba muke saye bakin hanya. Ko bayan da aka buɗe matatar mai ta Damagaram a 2011, na kwalba bai bar ƙauye ba. Cikin masu saida shi akwai masu tsabta, akwai kuma wanda jarkarshi ke kwana buɗe da damana. Ɗaga kwalba ga rana kafin a zuba maka, kuma a tace da ƙyalle mai tsabta.

In mai yana isowa lafiya, saura karbiratar. A gindinta akwai ɗan kwano inda mai ke taruwa, da wata ƴar kusa ta zubar da shi. Sassauta ta. In ba abin da ya fito, allurar da ke buɗe ma mai ƙofa ta manne da danƙo. Ƙwanƙwasa kwanon a hankali da ƙotar turnabis, wani lokaci hakan ya isa. In kuma mai ya yi ta tsiyaya ƙasa ba tsayawa, allurar ba ta rufewa, ko fulotar da ke yawo bisa mai ta huje.

Rufe robine, shimfiɗa farin ƙyalle, ka kwance kwanon. Jera kowane abu yadda ka ciro shi, don kusa ɗaya in ta faɗa cikin rairayi ta tafi ke nan. Za ka ga ƙusoshi biyu na farin tagulla masu huji a tsakiya, makanikai suna ce masu jiklar. Babbar ta tafiya ce, ƙaramar ta tashi da tsayuwa. Ƙaramar ita ce mai yawan toshewa, don hujinta bai kai kaurin allura ba. In babur ba ya tashi sai da shok, kuma da ka saki maƙura sai ya mutu, ita ce. Jiƙa su cikin esansi, ka hura da famfon keke, ka ɗaga ga haske. Sai ka hangi rana ta cikin hujin sa'an nan ya buɗe. Kada ka tsokane shi da allura ko ƙaya ta ƙarfe. Tagulla tana da taushi, in hujin ya faɗaɗa babur zai riƙa shan mai kamar raƙumi ya iso rijiya, yana baƙanta buji kullum. In dole ne, zare sili ɗaya daga cikin tsohuwar wayar lantarki ka yi amfani da shi.

Filtar iska kuma, in na soso ne a wanke, a bushe, a shafa mashi man inji kaɗan a matse. Na takarda ba ya son ruwa, kakkaɓewa ake yi. Wasu suna cire shi su yar don babur ya ƙara gudu. Da ƙurar hunturu irin tamu, wannan kashe inji ne.

HANYAR WUTA

Nan ana binta ta baya, daga buji a koma inda wutar ta fito. Buji mai baƙin toka, goge shi da buroshi, ka duba tazarar bakinshi. Ga yawancin baburan 125 tazarar milimita 0,6 zuwa 0,7 ce, kusan kaurin farcen babban yatsa. In ya jiƙe sharkaf, inji ya sha mai da yawa: rufe makulli da robine, murɗa maƙura duka, buga kik sau da yawa buji yana waje, ka shanya shi. In kana shakka, aro bujin maƙwabci wanda ka san yana aiki. Aro ya fi saye a nan.

Har yanzu ba wuta? Murɗe hular buji daga jikin wayarta. Bakin wayar yakan yi kore ko ya ƙone. Yanke kamar santimita 1, ka sake murɗa hular.

Wani abu da ya kamata ka sani game da batir. Babura da yawa masu kik, wutar bujinsu daga cikin inji take fitowa, suna tashi ko batir ya mutu. Wasu kuwa ba su ba da wuta sam sai da batir mai rai. Saboda haka tambayi makanike wane iri ne naka kafin ka sayi batir. Buɗe makulli ka danna oda. In ba ta yi kuka ba, duba kawunan batir ko sun yi farin gari, ka kankare, ka ɗaure. In za ka cire batir, fara da wayar da ke kan alamar ragi (−), kuma wajen mayarwa kada ka juya kawunan. Batir mai ruwa, ruwan batir ake ƙara mashi, ba na rijiya ba.

Kusa da batir, bisa jar waya, akwai fizibil. Shi ne mai gadi: in wuta ta yi yawa, shi yake ƙonewa don sauran su tsira. In ya ƙone, sa mai lamba irin tashi, galibi 10 ko 15. In sabon ya sake ƙonewa nan take, akwai waya da ta feɗe tana taɓa ƙarfe. Naɗa mashi takardar kwalin taba ko guntun waya, kamar yadda ake yi, korar mai gadi ne a bar ɓarawo cikin gida. Haka babur ke kama wuta.

Ina ake samun feɗaɗɗiyar waya? Wuri na farko wuyan babur, inda wayoyi ke lanƙwasa duk lokacin da ka juya kai. Na biyu ƙarƙashin tanki da sirdi, musamman in an ajiye babur kusa da rumbu, don kusu yana cin robar waya. Na uku duk inda ka ga an naɗe da leda ko tsumma, aikin mai shi na da. Kwance kowane mahaɗi ɗaya-ɗaya, ka kankare kore, ka mayar kafin ka taɓa na gaba. Kada ka manta da mas, wato wayar da aka ɗaure ga ƙarfen jikin babur. Wuta tana fita ta waya, ta komo ta ƙarfe. In tsatsa ta ci wurin, kome lafiya yake amma ba abin da ke aiki.

Kamfanin Honda ya fito da babur CG 125 a 1975, kuma babura da yawa na ƙasar Sin da ke kasuwanninmu tsarinshi suka bi, har da launin waya. A irinsu, kore mas ce, ja ta batir ce, baƙa mai ratsin fari kuwa ita ce mai kashe inji. Ga masu tashi ba batir, cire wannan baƙa mai ratsin fari daga ɗan baƙin akwatin da ake kira sedeyi, ka sake gwada buji. In wuta ta dawo, sedeyi lafiya yake, laifin na makulli ne, ko na jan maɓalli, ko wayar ce ke taɓa ƙarfe. Mayar da ita bayan gwaji, in ba haka ba makulli ba zai kashe inji ba. Amma kada ka dogara ga launi ido rufe, babur na hannu ya ratsa hannuwa da yawa.

In duk ka bi waɗannan wuta ba ta zo ba, saura bobin, da sedeyi, da naɗin waya na cikin inji. Waɗannan ba a gane su da ido. Makanike yana da abin awo, ko ya ɗaura nashi mai aiki ya gwada. Ka ce a gwada a gabanka kafin ka biya sabo.

Saura matsi. Rufe makulli, cire buji, toshe ramin da babban yatsa, a buga kik. Inji mai lafiya zai ture yatsanka da ƙarfi. In iska kaɗan ka ji, kuma kik yana sauka sakwaf ba nauyi, ciwon yana ciki: bawul ko zoben pistan. Wannan aikin gareji ne, kuma shi ne mai cin kuɗi. Gwajin ba ya ɗaukar minti biyar, saboda haka in ba ka riga ka biya ba, tafi wurin ciniki da makullin buji cikin aljihu. Ka nemi takardun babur ɗin kuma, ka gwada lambar da ke rubuce cikinsu da wadda aka buga a wuyanshi.