Duba Shafi a Tsurar Rubutu Kafin Bugu, da Abin da Hausa Take Rasawa a Hanya

Kowace takarda da za ta shiga maɗaba'a tana da abubuwa biyu da ake dubawa kafin a ba da izinin bugu. Na farko shi ne kalmomin da ke cikinta, ko sun cika kuma an rubuta su daidai, na biyu kuwa zubin da aka yi musu a kan shafi, wato girman haruffa da kaurinsu da tazarar layuka da wurin da kowane shafi ya ƙare. Mai shagon kwamfuta a Tambuwal ko Kebbe, wanda yake tsara tambayoyin jarrabawa da katunan ɗaurin aure da sanarwar ƙungiyoyi, yana ganin abubuwan nan biyu lokaci guda a kan allonsa, har ba ya ɗaukarsu a matsayin ayyuka daban. Sai dai an yi wani zamani, daga farkon shekarun 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980, da kwamfuta ta iya tsara shafin littafi tsaf amma allon da ke gaban ma'aikaci bai iya nuna shafin ba, kuma dabarar da aka ƙirƙiro don cike wannan giɓi tana fayyace wata matsala da rubutun Hausa yake fama da ita har gobe.

Na'urorin wancan zamani

A wancan lokaci babbar kwamfuta guda ce take yi wa mutane da yawa aiki, kowannensu yana zaune gaban taminal, wato allo da madannai waɗanda ba sa lissafi da kansu, iyakarsu su aika abin da aka danna, su kuma nuna amsar da ta dawo. Shahararriyar taminal ta kamfanin DEC mai suna VT100, wadda ta fito a 1978, tana nuna layi 24 ne kawai, kuma bisa al'ada kowane layi gurbi 80 gare shi, adadin da aka gada daga katin huje na kamfanin IBM. Tsarin allon kamar gurabun dara yake: kowane gurbi harafi ɗaya yake ɗauka, babu rabin gurbi, saboda haka harafi mai faɗi irin m da siriri irin i fili ɗaya suke ci.

Abokiyar aikin taminal ita ce firintar layi, wadda take buga layi sukutum kafin takarda ta matsa gaba. Samfurin IBM 1403, wanda aka gabatar a 1959, yana buga layi 600 a minti ɗaya, kowane layi har gurbi 132, a kan doguwar takarda mai hujoji a gefe biyu wadda take naɗewa shafi-shafi, kuma sarƙar haruffansa da aka fi amfani da ita alamomi 48 kawai take ɗauke da su, manyan baƙaƙe da lambobi da 'yan alamomin rubutu. Tsarin lambobin haruffa na ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963 kuma mafi yawan taminal suka bi shi, gurbi 128 yake da shi, daga ciki 95 ne ake iya bugawa, kuma an zaɓe su ne bisa buƙatun Ingilishi. Abin da ake kira tsurar rubutu a lokacin shi ne rubutun da bai wuce irin waɗannan alamomi ba, ba shi da kauri ko jirgewa ko bambancin girma.

Injin da yake fitar da shafi na ainihi kuwa wani abu ne daban, domin haskaka siffar haruffa yake yi a kan takardar hoto, sannan a wanke ta da sinadarai. Injin yana da tsada, takardarsa ma haka, kuma sau da yawa guda ɗaya ne a ma'aikata, ana bin layi kafin a kai gare shi. Wanda ya gano kuskure bayan an wanke takarda ya yi asarar kuɗi da lokaci, don haka aka nemi hanyar leƙa shafin a kan na'urori masu araha tun kafin a aika da shi.

Hanyoyi biyu da aka bi

Hanya ta farko ta fito daga cibiyar binciken Bell a Amurka, inda Joe Ossanna ya rubuta manhajoji biyu a farkon shekarun 1970, nroff da troff, waɗanda suke karanta rubutu iri ɗaya mai ɗauke da umarnin tsari iri ɗaya. Ita troff tana shirya shi don injin takardar hoto, nroff kuma tana sake jera shi daga farko don ya dace da gurabun taminal ko firinta. Inda aka nemi harafi mai kauri, sai ta buga harafin, ta koma baya gurbi ɗaya, ta sake buga shi a kan kansa, inda kuma aka nemi jirgewa sai ta ja layi a ƙarƙashi, dabarar da duk akawun da ya yi aiki da tafireta ya sani. Illar wannan hanya ita ce wuraren da layuka da shafuka suke karyewa a gwajin ba su ne na littafin da za a buga ba.

Hanya ta biyu ta biyo bayan manhajar TeX, wadda Donald Knuth na Jami'ar Stanford ya fitar a 1978, bayan da gwajin bugun wani kundi na littafinsa kan ilimin kwamfuta bai gamsar da shi ba. TeX tana ajiye aikinta a fayil da ake kira DVI, ma'ana wanda bai ta'allaƙa da wata na'ura ta musamman ba, kuma babu siffar harafi ko ɗaya a cikinsa, sai jerin umarni: ɗauki harafi mai lamba kaza daga zubin haruffa kaza ka ajiye a nan, matsa dama da kaza, sauko ƙasa da kaza. Ma'aunin wannan matsawa siriri ne ƙwarai, domin inci ɗaya ya ƙunshi maki 72.27, kowane maki kuma an raba shi gida 65,536. A shekarun 1980 Svante Lindahl a Suwidin ya rubuta manhajar da take mayar da irin wannan fayil tsurar rubutu, daga baya Marcel Mol a Holand ya sake rubuta ta da harshen shirya manhaja na C, ita ce ake kira dvi2tty, kuma har yanzu ana rarraba ta tare da kayan aikin TeX.

Aikin irin wannan manhaja shi ne tilasta wa ma'auni siriri ya shiga manyan gurabu. Tana tattara haruffan da suke kan tsayi ɗaya ta mayar da su layi guda, tana auna tazarar da ke tsakanin harafi da harafi, in tazarar ta wuce wani haddi ta ɗauke ta a matsayin rabuwar kalma, in ba ta kai ba ta haɗe su. Haruffan da maɗaba'a take narkarwa su zama siffa ɗaya, kamar f da i, tana warware su su koma biyu, layukan jadawali kuma tana kwatanta su da jerin karan ɗori da sanduna a tsaye. Gefen dama na sakin layi, wanda yake miƙe sambal a littafi, yakan fito a karkace, domin layi mai yawan siraran haruffa ya fi cin gurabu. Amma kowane layi yana ƙarewa a kalmar da zai ƙare a littafin, kowane shafi ma haka, shi ya sa mai dubawa yake iya gane kanun da ya maƙale shi kaɗai a gindin shafi, ko kalmar da aka tsinka a inda bai dace ba. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ga Hausa, domin manhajar da take tsinka kalma bisa ƙa'idar Ingilishi tana iya raba t da s a kalma irin tsuntsaye, alhali sauti ɗaya suke wakilta.

Inda Hausa ta sha bamban

Hujjar da wannan dabara ta dogara a kanta ita ce abin da ya ɓace a tsurar rubutu ado ne kawai, kalmomin kuwa suna nan daram. Ga rubutun Ingilishi da babu lissafi a cikinsa, hujjar ta yi kusa da gaskiya. Ga Hausa ba haka ba ne, domin lanƙwasar da ke kan ɓ da ɗ da ƙ ita take raba ma'ana da ma'ana, kuma babu ɗaya daga cikinsu a ASCII. Sanarwar da ta ce an tanadi wurin zaman baƙi, in lanƙwasa ta faɗi, ta koma maganar baki, haka nan ƙasa da kasa, ko ƙara da kara. Mai karatu Bahaushe yakan cike giɓin da kansa ba tare da ya lura ba, kuma a nan haɗarin yake ga mai duba gwaji: in allonsa ba ya nuna lanƙwasa ko kaɗan, ba shi da yadda zai bambance wurin da na'ura ta zubar da ita da wurin da mai bugawa ya manta da ita tun asali.

Matsalar ta girmi kwamfuta. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubutun boko a 1912, ƙamusun Bargery ya fito a 1934, kuma a tsakanin waɗannan shekaru marubuta sun gwada ɗigo a ƙarƙashin harafi, sun gwada ɗan waƙafi a gefensa, kafin haruffa masu lanƙwasa su zauna daram a shekarun 1930, zamanin da Rupert East yake jagorantar Hukumar Talifi a Zariya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Janairun 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, sun sa ido ya saba da su. Amma tafiretar ofis da ta makaranta yawanci ta Ingilishi ce, don haka akawu ko dai ya bar harafin tsirara, ko ya bi shi da waƙafi, ko ya ƙara lanƙwasar da biro bayan ya zare takarda. A shekarun 1980 aka tsara zubin haruffa na bai-ɗaya don harsunan Nijeriya, wanda fitaccen mai zana haruffa na Jamus Hermann Zapf ya sa hannu a cikinsa, a farkon shekarun 1990 kuma Jörg Knappen ya zana wa TeX zubin haruffan harsunan Afirka da ya ƙunshi na Hausa. Duk da haka fayil ɗin DVI lamba kawai yake ɗauke da ita, saboda haka manhajar da ba ta san jadawalin wannan zubi ba tana iya fitar da wata alama ta daban a gurbin ƙ. Tsarin Unicode, wanda aka fara wallafawa a 1991, shi ne ya ba kowane ɗaya daga haruffan nan lamba tasa tabbatacciya, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Nijeriya take rubuta 'y.

Gurabun da suka rage a yau

Taminal da firintar layi sun kau daga ofisoshi, amma tsarinsu yana nan a aljihun mutane. Rasit ɗin da mai POS yake miƙawa a tashar Tambuwal, a kan babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega, ko a kasuwar Dogon Daji, tsurar rubutu ce a kan siririyar takarda wadda galibi take ɗaukar gurbi 32 a layi, kuma sunan Ƙasimu ko Ɗahiru yakan fito a kai babu lanƙwasa. Saƙon tes na waya yana ɗaukar harafi 160 in an tsaya kan jadawalinsa na asali, amma da zarar ƙ guda ɗaya ta shiga, wayar tana komawa wani tsari da ba ya wuce harafi 70 a saƙo ɗaya, ke nan rubuta Hausa daidai yana iya ninka kuɗin saƙo. Malamin makaranta a Kebbe ko Kuchi da ya aika tambayoyin jarrabawar Hausa ta WhatsApp zuwa shagon kwamfuta yana iya rubuta haruffansa cif, amma in mai tsarawa ya zuba su cikin zubin haruffan da ba shi da ɗ, sai kwamfuta ta aro ta daga wani zubi ta fito ba ta yi kama da 'yan'uwanta ba, ko a ga ɗan akwati fanko a gurbinta. Akwai kuma tsofaffin zubin haruffan Hausa na kafin Unicode ya yaɗu, waɗanda suka ɗora ƙ da ɗ a kan gurbin wasu alamomi, ta yadda takarda takan yi kyau a allon da aka tsara ta, amma in an kwafo rubutun zuwa wata na'ura sai alamomin asali su bayyana.

A nan ne tsohuwar dabarar take da sabon amfani. Kwafo rubutu daga fayil ɗin PDF a zuba shi a manhajar da ba ta san ado ba, muddin tana karɓar Unicode, yana tona abin da yake ƙarƙashin kyakkyawan shafi: in ƙ ta fito ƙ, takardar za ta rayu a kowace na'ura kuma mai neman kalma zai same ta, in kuwa wata alama ta fito, akwai gyara. Yankin nan ba baƙo ba ne ga raba duban kalma da duban zubi, domin Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna a ƙarni na 19, tana cikin ƙasar da masu kwafar littattafai da hannu suka saba mutum ɗaya ya karanta kwafi a bayyane, wani yana bin asali da ido, ba tare da kyan rubutun hannu ya shagaltar da su ba. Tsarin da ya dace da takardar Hausa duba uku ne a jere: a karanta kalmomi a tsurar rubutun da take nuna lanƙwasa, a duba karyewar layuka da shafuka, sannan a buga shafi ɗaya na gwaji a kan injin da zai yi aikin, domin shi kaɗai ne zai tabbatar da cewa ɓ da ɗ da ƙ sun isa takarda kafin a buga sauran.